Koren Zare a Shafi na Sittin da Biyu

Ranar Laraba, ƙarfe takwas saura kwata na safe, bayan an tashi daga motsa jiki, Manaja ya leƙo ya yafito Ƙirgau da hannu. Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, sai fanka mai ƙara a bango. An nuna masa kujera, amma Ƙirgau ya tsaya riƙe da bayanta, yatsunsa suna bugun katakon. Fankar tana ƙas-ƙas sau tamanin da huɗu a minti. Bai yi niyyar ƙirgawa ba, ya dai tsinci kansa ya gama.

"Ka ga sabuwar Kocin nan," in ji Manaja, idonsa a kan takardun gabansa. "Ta ce inda ta baro ba su da dije. Waya ake jonawa da sifika, shi ke nan."

"Waya ta san lokacin da Sista, tsohuwar nan ta layin gaba, ta fara haki?"

"Na faɗa mata. Wallahi na faɗa mata. Shekara tara kana nan, ni ma ai ina da ido. Amma maganar ta kai kunnen mai wurin, ka kuwa san shi da son sabon abu." Ya turo wani ɗan filashi ja a kan teburin. "Ranar Asabar za ta yi ajinta na farko, minti arba'in da biyar. Ba ta son kiɗa ya yanke ko na daƙiƙa ɗaya. A minti na talatin, lokacin da kowa ya kai ƙarshen ƙarfinsa, wannan take so ya shigo. Rimis ne, wato waƙar da aka sake wa kiɗa, wani abokinta ya haɗa. In ta gamsu, kana nan. In ba ta gamsu ba..."

"Waya."

"Kai ka faɗa, ba ni ba."

Ƙirgau ya sa filashin a aljihun gaba, ya sauko matakala ashirin da uku na gidan motsa jikin, ya ɗaure akwatin kayansa a bayan babur. Sai da ya kai mararraba ta biyu ya tuna bai yi wa Manaja sallama ba.

Shekararsa arba'in da takwas a lokacin. Sunan Ƙirgau tun yana ɗan shekara shida ya manne masa, a shagon injin niƙan mahaifinsa, inda yake zama a kan buhu yana ƙirga bugun injin da ƙarfi har masu kawo niƙa su ce a fitar musu da shi. Wata rana ya ce da uban injin ya rage gudu. Uban ya kore shi. Kafin azahar bel ya tsinke. Daga nan aka daina korarsa, amma ba a daina yi masa dariya ba, don yaron ba ya iya tsayawa wuri ɗaya. Ƙafa tana rawa, yatsa yana bugu, leɓe yana motsi. Makaranta ma haka ya yi ta, malamai suna ƙwace masa biro don ƙwanƙwasa benci.

Yana da sha bakwai ya shiga shagon ɗaukar waƙoƙi a kaset. Da kaset ya mutu ya koma faifai, daga faifai ya sayi injina biyu da mikisa mai haɗa sautinsu, duk na hannu, ya fara kiɗa a wuraren taro. A can ya gamu da kiɗan da ake kira hawus, wanda gangarsa take tafiya huɗu-huɗu ba fashi, dum, dum, dum, dum, kamar injin mahaifinsa ya koyi rawa. Ran da ya fara jin sa, ya ce duniya ta yi wani abu domin shi kaɗai. Masu taro ba su cika son sa ba, amma masu motsa jiki da safe shi ne abincinsu, shi ya sa da aka buɗe gidan nan ya zo da kansa ya nemi aikin, ya kuma zauna.

Aikin dije a irin wannan wuri ɗinki ne. Waƙa tana tafiya a injin hagu, kana shirya wata a injin dama cikin hedifon, sai ka shigo da ita a hankali, su yi tafiya tare na ɗan lokaci, ka zare ta farkon ba tare da wanda yake tsalle ya san an sauya ba. Abu biyu dole su dace. Na farko gudu, wato bugu nawa waƙa take yi a minti. Na biyu abin da makaɗa suke kira kii, matakin da muryar waƙa da kayan kiɗanta suka zauna a kai. In gudu ya saɓa, ƙafafu za su harɗe. In kii ya saɓa, muryoyin biyu za su yi ta gogar juna kamar an ja ƙarfe a kan siminti.

A gudu, Ƙirgau ba shi da na biyu. Ka kunna masa waƙa daƙiƙa goma sha biyar, zai ce maka ɗari da ashirin da huɗu, ka duba da agogo ka tarar haka ne. Kii kuwa, Allah bai ba shi ba. Ko kaɗan. Waƙoƙi biyu za su kama kokawa a kunnen kowa, shi yana murmushi don gangunan sun hau juna daidai.

Matarsa ce ta gano haka, wata na huɗu da aurensu. Tela ce, kekenta a falo kusa da taga, shi kuma teburin injinansa a bangon da ke fuskantarta. Yana gwaji wata rana da yamma sai ta ajiye almakashi da ƙarfi.

"Don Allah raba su! Waɗannan biyun ba sa shiri."

"Wane irin ba sa shiri? Ɗari da ashirin, ɗari da ashirin."

"Ni ban san ɗari ba. Wannan kore ce, waccan ruwan hoda. Ka taɓa ganin na haɗa su a riga?"

Ya yi mata dariya, ta tashi ta zaɓo masa wata waƙar daga cikin faifan, ta ce ya gwada. Ya gwada. Bai ji wani bambanci ba. Amma Asabar ɗin da ta biyo, da ya yi haɗin a wurin taro, wani tsohon mai jita ya taso takanas ya miƙa masa hannu.

Ita ba ta san sunan kii ko ɗaya ba, ba ta kuma nema ba. Launi take ji. Tana da gwangwanin biskit cike da zare, ta ware launi goma sha biyu. Duk sabuwar waƙa, shi zai ƙirga sau uku ya rubuta suna da gudu a littafi, ita za ta rufe ido ta bi waƙar da ɗan guɗa a maƙoshi, sannan ta zura allura ta ɗinka ɗan guntun zare a gefen layin. In waƙar mai sanyin zuciya ce ta ƙara ƙulli a bakin zaren. Kore ya bi kore, shuɗi ya bi shuɗi, akwai kuma launukan da ta ce maƙwabta ne, suna iya gaisawa. Cikin shekara goma sha tara sun cika littafi huɗu, na biyar ya kai rabi: waƙa dubu biyu da ɗari uku da goma sha huɗu, kowace da lambarta da zarenta. Littattafan har sun kumbura, ba sa rufuwa sai da roba.

A bangon farko na kowane littafi akwai doka guda da ta sa ya rubuta da jan biro: kada a ja waƙa fiye da bugu uku. Injinansa tsofaffi ne, in ka ƙara wa waƙa gudu muryarta ma sai ta hau sama. Bugu ɗaya, biyu, uku, ba a ji. Ya wuce haka, in ji ta, launi ya zuba.

Ba wanda ya san wannan sai su biyu. 'Yan biyunsu ma, da suka tafi makarantar kwana, ɗauka suke yi ado ne Mama take yi wa littattafan Baba.

To, ga inda gizo yake saƙar: kwana goma kafin Manaja ya kira shi, yayan matar ya zo musu yini. Direban babbar mota ne, mutum mai yawan tambaya. Ya zauna yana shan shayi yana kallon Ƙirgau yana haɗa waƙoƙi, can ya ce:

"Kai surukina, wai ta yaya kake sanin wadda za ta bi wadda? Ni duk ɗaya nake ji, dum-dum."

Ƙirgau ya ja gefen kunnensa da yatsa biyu. "Yaya, wannan ba a koya. Baiwa ce."

Matar tana tsaye da faranti a hannu. Ta ajiye shi a hankali, ta tambayi yayanta ko a ƙaro sukari. Da baƙon ya tafi, ta ɗauki gwangwanin zaren daga kan teburin injina, inda yake zaune tun kafin a haifi yara, ta sa shi a durowar kekenta ta murɗa makulli. Ba ta ɗaga murya ba. Abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa tana nan. Sunansa kawai ya canza. Da "Baban 'Yan Biyu" ne, yanzu ya koma "Mai Baiwa".

Da wannan a gida ya dawo ranar Laraba da filashi a aljihu. Bai ko cire takalmi ba ya jona shi, ya sa hedifon. Ya ƙirga sau uku kamar kullum: ɗari da ashirin da shida, sau ukun duka. Ganga mai nauyi, tafi a bugu na biyu da na huɗu. Sai muryar mace ta shigo, murna ta kama shi. Ya san waƙar. Ya san ta sarai. Ya sauko da littattafan daga kan kabad, ya bi su da yatsa yana tsaye, na ɗaya, na biyu, sai ga ta a na uku, shafi na sittin da biyu, layi na bakwai. Asalin waƙar ce, tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Gudu ɗari da goma sha takwas. Zare kore, ba ƙulli.

Ya saki numfashi. Waƙa ɗaya ce, mawaƙiya ɗaya, an dai sake mata ganga an ƙara mata sauri. Ke nan ba sai ya roƙi kowa ba. Ya buɗe littafi na biyar, ya rubuta sunan rimis ɗin da gudunsa, a gurbin da zare yake zama kuma ya rubuta "kore" da biro. Tunda aka fara littattafan ba a taɓa rubuta kalma a wannan gurbin ba. Ya kalle ta, ta yi masa wani iri, ya juya shafin.

Ranar Alhamis ya tsara ajin gaba ɗaya a takarda. Waƙa goma sha ɗaya. A fara da ɗari da goma sha takwas a ɗumama jiki, a riƙa hawa da biyu-biyu, a kai ɗari da ashirin da shida a minti na ashirin da biyar. Wadda za ta miƙa wa rimis ɗin hannu ya zaɓo ta daga littafi na biyar, shafi na tara: kore ce, ɗari da ashirin da biyar, bugu ɗaya kacal zai ja ta. Ya saba haɗa waƙoƙi na tsawon bugu talatin da biyu. Wannan karon ya ce sittin da huɗu zai yi, yarinyar nan ta ga abin da waya ba ta iyawa.

Ya kunna sifikun falo ya gwada. Matar tana ɗinkin rigunan makaranta, an kawo mata guda arba'in, keken yana ta gudu. Da ya shigo da rimis ɗin a kan waƙar farko, keken ya tsaya cak. Ya ci gaba. Ya koma baya ya sake. Keken ya sake tsayawa.

"Mai Baiwa."

"Na'am?"

"Ka rage sauti. Haƙorina yana tsami."

"Tun yaushe kike da ciwon haƙori?"

"Tun ɗazu. Yana zuwa yana tafiya."

Ya ɗauka neman magana ne. Ya zare wayar sifika da fushi, ya mayar da hedifon, ya yi haɗin sau tara a jere shi kaɗai. Gangunan suna hawa juna kamar an auna da ma'auni. Ya cire hedifon ya zaga falo, ya buɗe firij ya rufe, ya fita ya duba tayar babur da ba abin da ya same ta, ya dawo ya sake haɗawa.

Ranar Juma'a hankalinsa ya ƙi kwanciya, bai kuma san dalili ba. A aji na safe sabuwar Kocin ta zo ta tsaya a baya tana kallo, hannu a harɗe, doguwa, ba ta wuce ashirin da bakwai ba. Ya yi aikin lafiya, amma rigarsa ta jiƙe kamar shi ya yi tsallen. Da yamma sau uku yana zuwa bakin keken matar. Na farko ya tambaye ta ina cajar wayarsa, alhali tana hannunsa. Na biyu ya ce ko a sayo mata man keke. Na uku ya tsaya kawai, yana buga gefen teburin da farce. Ta ɗago, allurai uku a bakinta, ta cire su ɗaya bayan ɗaya ta soke a hannun rigarta.

"Akwai magana ne?"

Kalmomin suna nan a kan harshensa, ya ma ƙirga su, biyar ne: zo ki saurara mini wannan. Ya buɗe baki.

"Wannan keken naki yana yin ɗari uku da goma a minti. Da ɗari biyu da casa'in yake yi."

"Allah ya ƙara baiwa," in ji ta, ta taka keken.

Asabar ƙarfe shida da rabi ya riga mai shara isowa. Ya jera injinan a kusurwarsa, ya goge su, ya manna takardar tsarin da salatif a gefen mikisa. Ɗakin dogo ne, bango guda madubi ne daga sama har ƙasa, daga inda yake tsaye bayan mutane yake gani kai tsaye, fuskokinsu kuma a madubi. Mutum talatin da ɗaya suka zo. Sista, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ba ta taɓa fashin aji ba tun buɗe wurin, ta kama gurbinta a layin gaba ta ɗaga masa tawul.

"Ƙirgau, an ce yau jarrabawarka ce. Ka yi karatu?"

"Sista, ke dai ki ji da gwiwarki."

"Gwiwata ta girme ka, ka yi mata ladabi."

Ƙarfe bakwai daidai Koci ta tafa hannu. Manaja ya jingina da ƙofa. Ƙirgau ya danna.

Minti ashirin da tara na farko ko shi kansa ya san ya yi aiki. Waƙa tana miƙa wa waƙa, ba wanda ya waiwayo. A minti na goma sha takwas ya hango a madubi layin baya sun fara jan ƙafa, bai jira tsarin takarda ba ya sauko da bugu biyu na minti ɗaya da rabi, suka farfaɗo, ya mayar. Koci ta ɗan juyo ta dube shi, ta ci gaba da ƙirga wa mutane. Waƙar kore ta shiga a kan lokaci. Ya sa rimis ɗin a injin dama, ya daidaita gangar a hedifon, ya jira farkon zagaye, ya ɗaga shi.

Bugu takwas na farko ganga ce zalla, lafiya lau. A na tara muryar matar ta shigo, ta hau kan kiɗan waƙar farko. A kunnensa komai daidai. Ya ɗago kai yana shirin murmushi.

Kafaɗun Koci ne suka fara hawa sama. Wani mai gilashi a layi na biyu ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa. Sista, tana tsalle tana haki, ta ɗaga murya:

"Wa ya taka mage?"

Ya san wannan fuskar. Shekara goma sha tara yana ganinta a falonsa, leɓe a ja gefe, ido ɗaya a tsuke. Yau ga ta a madubi sau goma, sau ashirin. Hannunsa ya kai kan mikisa zai zare waƙar farko nan take, ya tsayar da shi. Suna bugu na ashirin da uku. In ya yanke a tsakiyar zagaye, mutum talatin da ɗaya da suke sama za su sauko a kan ƙafar da ba ita ba. Saura tara. Ya tsaya yana ƙirgawa da baki, yana kallon mutane suna shan azabar da shi ba ya ji, ashirin da tara, talatin, zufa tana shiga masa ido, talatin da ɗaya, talatin da biyu. Ya zare.

Rimis ɗin ya tsaya shi kaɗai, ɗakin ya ɗauka, Koci ta yi ihu, "Sama! Sama!" Ba ƙafar da ta kuskure. Sauran minti goma sha biyar ɗin bai san yadda ya yi su ba, hannayensa ne suka yi.

Da aka watse, Koci ta nufo shi tana goge wuya da tawul, Manaja a bayanta.

"Baba Dije, sannu da aiki. Ka ji abin da ya faru a minti na talatin?"

Yana naɗe wayar sifika a hannu. Ya naɗe ta, ya kwance, ya sake naɗewa. Zai iya cewa sifika ce. Zai iya cewa rimis ɗin ne ba shi da kyau. Manaja ma da idonsa yake roƙonsa ya faɗi wani abu makamancin haka.

"Ban ji ba," ya ce. "A fuskarku na gani. Ni ban taɓa ji ba."

"Ban gane ba."

Ya ciro littafi na uku da na biyar daga akwati, ya cire robar, ya buɗe mata a kan mikisa. Ya yi bayani a tsaye, yana canza ƙafa: lambobin nasa ne, zaren na matarsa. Koci ta shafa guntayen zaren da yatsa, shafi bayan shafi. Sai ta ciro wayarta, ta ce tana da manhajar da take faɗin kii, ya kunna mata kore guda uku, kowace daga shafi daban. Ya kunna. Wayar ta ba da harafi ɗaya, wato kii ɗaya, sau uku. Ta ce shuɗi mai ƙulli. Ya kunna huɗu. Harafi ɗaya.

"Kai! Da kunne kawai? Ba piyano, ba komai?"

"Da keken ɗinki a gabanta."

"To sa rimis ɗin."

Wayar ta nuna wani harafi, ta sauya zuwa na kusa da shi, ta dawo, ta kasa tsayawa. Koci ta yi tsaki. "Abokin nan nawa! Jan waƙar ya yi da muryar da komai. Ta hau mataki guda har da ɗan ɗori, ta faɗa tsakani. Daga nawa ya ja ta?"

Ƙirgau bai buƙaci duba shafin ba. Ɗari da goma sha takwas zuwa ɗari da ashirin da shida. Takwas. Dokar tana nan da jan biro a bangon littafin da ke hannunta, da rubutunsa. Shi kansa bai taɓa ƙetare uku ba. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa wani can zai ƙetare masa ita kafin waƙar ta iso ba.

Manaja ya yi gyaran murya. "To, Koci, me za mu ce wa mai wurin?"

Ta kaɗa littafin a tafin hannu.

"Abin da ya yi a minti na goma sha takwas waya ba ta yi. Abin da ya yi a na talatin ma waya ba ta yi." Ba ta yi dariya ba. "Ina da irin wannan rimis ɗin guda goma sha huɗu, duk na mutumin nan ne, na tabbata duk haka ya ja su. Wayata ba za ta faɗa mini nawa za a rage su zauna daidai ba. Kunne ne zai faɗa. A ba shi wata guda. Ranar Litinin ina son huɗu na farko. In na sake jin mage, shi ke nan."

"Ka ji," in ji Manaja.

Ya ji. Aikin yana hannunsa, amma makullinsa yana cikin durowar keke.

Ƙarfe goma da minti goma ya iso gida. Ya daɗe yana kwance igiyar akwatin a tsakar gida fiye da yadda ya kamata. Da ya shiga, saura riga shida a cikin arba'in ɗin, tana ɗinka aljihu. Ya ajiye filashin a kan teburin keken, kusa da almakashi.

"Maman 'Yan Biyu."

Keken bai tsaya ba.

"Ba kore ba ce."

"Wa ya ce maka kore ce?"

"Ni na rubuta. Da biro."

Ta tsayar da keken. "Da biro. A littafina."

"Na faɗa musu. Manaja, da yarinyar, Sista ma tana kusa, ta ji, ke nan gari ya ji. Na ce ni ƙirga kawai na iya. Na nuna musu zaren."

Ta yanke zaren aljihun, ta juya rigar, ta duba ɗinkin ta ciki. Ya tsaya yana jira, ƙafarsa tana aikinta a kan leda. Ya gaya mata sauran: wata guda, rimis goma sha huɗu, huɗu kafin Litinin.

"Ran Alhamis na gaya maka," ta ce.

"Haƙori kika ce."

"To da me kake so na ji ta? Da gwiwa?"

Ta ɗauki filashin ta juya shi a hannu, ta ajiye.

"Riga shida ta rage mini. In na gama zan saurara. Amma ran Litinin da ni za a je."

"Ina?"

"Wurin aikin naka. Shekara tara ina zaɓa wa mutane abin da za su yi tsalle a kai, ban taɓa ganin ƙafar ko ɗaya ba. Ina so na ji yadda ɗakin yake mayar da sauti. Ina so na ga Sistar nan."

"Ƙarfe shida nake fita fa. Ga akwati a bayan babur, ina za ki zauna?"

"Kai ne mai lissafi."

Ta ja riga ta gaba ta sa ƙarƙashin allura. Ya fita tsakar gida, ya tsaya a kan babur ɗin, ya auna sirdin da tafin hannu, ya auna akwatin. Ya ɗora shi a kan tanki ya hau ya gwada, kan babur ya ƙi juyawa. Ya sauke, ya ciro injin ɗaya ya ga ko zai shiga jakar goyo. Daga falo ta ɗaga murya a kan ƙarar keken:

"Baban 'Yan Biyu! In ka gama zagaye, zo ka riƙe mini bakin wannan rigar, mu yi sauri."

Ya bar injin a kan sirdi, ya shiga.